Mai tafiya a ƙasa da aka kaɗe: a rubuta abin da ya same shi daidai

A Yamai, idan babur ko mota ta kaɗe mai tafiya a ƙasa, kowa ya san abin da ke biyo baya: jama'a su taru, a kira 'yan kwana-kwana ta lamba 18, 'yan sanda su zo su duba wurin, a garzaya da mai rauni asibiti. Can a ɗinke shi, a ɗauki hoton ƙashi, a rubuta magani, a sallame shi. Daga nan sai a ɗauka magana ta ƙare, alhali jinyar karayar ƙwauri watanni take ci, kuma wanda ya bugu a ka yana iya tashi garau, sai bayan makonni jinin da ya taru a cikin ƙoƙon kansa ya fara sa shi ciwon kai da ruɗewa.

A ganina, makomar wannan jinya ta rataya ne a kan abin da mutane suka fi rainawa, wato abin da aka rubuta a takardar majinyaci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundin rarraba cututtuka, wanda likitocinmu suka sani da sunan CIM-10, kuma a cikinsa an ware wa masu tafiya a ƙasa lambobi daga V01 zuwa V09. V02 na wanda babur ko mai ƙafa uku ya kaɗe ne, V03 na wanda ƙaramar mota ta kaɗe, V04 kuma na babbar mota ko bas. Raunin kansa yana da tasa lambar daban, misali S82 ga karayar ƙwauri, S06 ga rauni a cikin kai. Har nakasar da ta biyo bayan hatsarin hanya an tanadar mata lamba Y85. Idan aka rubuta “karaya” kawai aka rufe littafi, wanda kabu-kabu ya kaɗe a bakin Babbar Kasuwa da wanda ya faɗo daga bishiyar mangwaro sun zama ɗaya a ƙididdiga, kuma mai tsara tituna ba zai taɓa sanin inda ya kamata a shata wurin tsallakawa ba.

Akwai kuma maganar kwana 30. Bisa ma'aunin da duniya ta amince da shi, duk wanda ya rasu cikin kwana 30 sakamakon hatsarin hanya, hatsarin ne ya kashe shi. Amma wanda aka sallama ya koma ƙauye, ya cika a kwana na ashirin, wa zai haɗa rasuwarsa da wancan babur idan babu takardar da ke biye da shi?

Ga talaka, batun ya fi kusa da aljihu. Nijar tana cikin ƙasashen da ke bin dokar inshora ta CIMA, wato ƙungiyar da ke tsara harkar inshora a wasu ƙasashen Afirka, dokar da ta wajabta wa mai abin hawa inshorar ɓarnar da zai yi wa wani, kuma ba a ƙayyade diyyar nakasa sai likita ya shaida cewa raunin ya tsaya inda zai tsaya. Wanda ya bar asibiti a rana ta biyu ya nufi wurin mai ɗori, sau da yawa don kuɗin aiki ya fi ƙarfinsa, ya rasa wannan shaida. Ban raina masu ɗori ba, domin sun daɗe suna yi wa jama'a aiki, sai dai karayar da ƙashi ya huda fata tana buƙatar wanki da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma ɗaurin da ya matse yana iya tsayar da gudun jini har a kai ga yanke ƙafa.

Ba sabon gini ake nema ba. A horar da masu cike rajista a sashen gaggawa su riƙa rubuta lamba biyu, ta rauni da ta sanadi, a ba majinyaci takarda ɗaya mai ɗauke da su da ranar dawowa, a kuma karɓi lambar wayar wani ɗan'uwansa domin a kira idan ranar ta wuce bai zo ba.