Wa ke riƙe da sirinjin?

Wani labari ya ce allurar Botox, wadda ake yi don kawar da tattarewar fatar fuska, ba ta da illa, amma ya ƙi faɗin cewa daga gubar ƙwayar cutar botulinum ake haɗa ta. Jijiya take hanawa ta motsa tsokar goshi, bayan wata 3 zuwa 4 ta sake, a koma a biya. Ƙawar yayata a shagon gyaran jiki aka yi mata, fatar idonta ɗaya ta sauko kamar mai gyangyaɗi, sati shida tana yawo da baƙin gilashi. Wani ɗan'uwa ya ce Amurka ta amince da ita don gyaran fuska tun 2002, haka ne, amma can ɗin ma an kama jabunta a 2024. To a nan wa ke bincikar mai tsira allurar?