Kafin ka zo neman kuɗin studiyo

Makon jiya wani ƙanena ya same ni a shago, wai in ranta masa kuɗin studiyo, yana da waƙar da za ta tashi gari. Na ce to, rera min. Ya zaro waya, ya kunna kiɗan da ya sauke daga intanet, ya bi da baiti biyu, ya tsaya. Sauran, in ji shi, in an shiga studiyo zai zo. Na tambaye shi waƙa nawa ya taɓa rubutawa har ƙarshe. Ya hau sosa ƙeya.

Ku ƙannena masu wannan buri, ku zauna in ba ku labarin Jay Chou, ɗan Taiwan, wanda a waƙar Mandarin, wato babban harshen Sinawa, kusan ba a kai shi suna ba. An haife shi a 1979. Yana shekara 4 mahaifiyarsa ta sa shi koyon fiyano, a sakandare ya ƙara da goge irin na Turawa. Karatun boko bai karɓe shi ba, jami'a ta gagara, ga ciwon ƙashin baya da ya sa aka ɗauke masa aikin soja. Sai ya koma kai wa mutane abinci a gidan cin abinci.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 aka shigar da shi wata gasar talabijin. Ba ma shi ne mai rerawa ba, kiɗa yake yi wa abokinsa, kuma ba su ci ba. Amma mai gabatar da shirin, Jacky Wu, idonsa ya faɗa kan takardar da yaron ya tsara kiɗan a kai. Ya ga aikin da ba na wasa ba, ya ɗauke shi. A nan nake so ku tsaya. Wannan takarda ba a daren gasa aka rubuta ta ba. Shekara goma sha wani abu ce ta zaman fiyano, lokacin da babu mai tafa masa. Da Wu ya leƙa ya tarar da baiti biyu da "sauran zai zo", da yaron ya koma ɗaukar faranti.

Kuma da aka ɗauke shi ba makirufo aka miƙa masa ba. Kusan shekara biyu yana ɗaki yana tsara wa wasu waƙa, yana koyon naɗi da haɗa sauti, ana karɓar wasu ana dawo masa da wasu. Sai a Nuwamba 2000 albam ɗinsa na farko ya fito. Na biyu, na 2001, ya kwashi kyauta 5 a Golden Melody, babbar lambar waƙa ta Taiwan. Fim ya biyo baya: Initial D a 2005, ya ba da umarnin nasa fim ɗin a 2007, a 2011 ya shiga Hollywood da The Green Hornet.

Wani abin da ya burge ni, bai ce komai shi ne gwani ba. Yawancin fitattun waƙoƙinsa Vincent Fang ne ya rubuta kalmomin, shi Jay ya riƙe kiɗa. Mu nan yaro ɗaya ne mawaƙi, shi ne marubuci, shi ne darakta, in ka gyara masa ƙafiya ya ce hassada. An kuma daɗe ana yi wa Jay gori wai yana tauna harshe, ba a jin abin da yake faɗa. Bai tsaya cacar baki ba. Albam ɗin 2003 ma sunan mahaifiyarsa ya raɗa masa, Yeh Hui-mei, wadda ta zaunar da shi gaban fiyanon.

Ƙanen nawa dai ban ba shi kuɗin ba. Littafin rubutu mai shafi 80 na ciro daga kanta, na haɗa masa da biro biyu, na ce ya dawo da waƙa goma cikakku mu zauna. Ya karɓa yana ƙunƙuni. Shekaranjiya ya turo min hoton shafi uku, duk gogewa da jan layi.