Gaisuwar suruka daga saman kwano

Duk wanda ya gaya muku ni na kawo shawarar ɗora fitilu a rufin gida, sharri ya yi mini. Uwargida ce. Ta shiga Taminus sayen atamfar yara, cikin masu baje kaya a bakin titin Ahmadu Bello tun da babbar kasuwar Jos ta ƙone a 2002, ta dawo da naɗin fitilun Kirsimeti masu kiɗa, ta ce bana gidanmu ma sai ya haska, tunda Mama, mahaifiyarta, za ta zo daga Pankshin ta yi biki da mu.

Sauran gyaran ba sai na ja ku da nisa ba. Falo na shafe shi da fentin ruwa, bokiti mai lita 20, iskar hunturu ta busar da shi kafin in wanke buroshi. Ƙofar gida kuwa fentin mai na yi mata, kore, shi kuma ba ya gaggawar bushewa, sai ƙurar nan da ake cewa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa ta ƙetare garuruwa ta zo ta sami masauki a ƙofata. Yanzu in ka shafa ta tsakuwa za ka ji. An wanke labule, an fito da bishiyar roba daga ƙarƙashin gado, yara sun manna mata auduga wai dusar ƙanƙara ce, abin da kaf zuriyarmu ba wanda ya taɓa gani da ido. Saura fitilu.

Ranar 23 ga Disamba da yamma na aika aka aro tsanin Baba, dattijon nan maƙwabcinmu. Na hau daga ni sai singileti da tsohon gajeren wandon da nake wankin mota da shi, don a lissafina aikin ɗan lokaci ne. Garin da yake zaune wajen mita 1,200 sama da teku, a watan Disamba, ka ƙara masa tsawon gida: iskar da ke saman kwanon nan ba irin ta tsakar gida ba ce. Fitilun kuma irin na da ne, waɗanda in ƙwai ɗaya ya mutu duk layin ya mutu. Na zauna ina bin su ɗaya bayan ɗaya, Auta yana ƙasa ya jona soket, na rataya wanda na duba a wuya da kafaɗa don kada ya sarƙe. Ina gama canja mataccen ƙwan aka ɗauke wuta.

A nan na ji wani ƙiii a jikin bango. Kafin in rarrafa bakin rufi, ga tsani can yana fita ƙofar gida a kafaɗar jikan Baba. Na ƙwala masa kira. Yaron nan ko waiwaye bai yi ba, ya ce, “Baba ya ce zai tsinki gwanda.”

Ban gama haɗiye wannan ba na jiyo tulu da kacau-kacau daga kan kwana. Zumuntar mata ce, suna bin gida-gida da waƙoƙin Kirsimeti. Na san za su zo, an sanar a coci, amma ba wanda ya ce mini yau ne, ba kuma wanda ya ce mini Mama daga saukarta a mota coci ta wuce ta bi su. Suka shigo tsakar gida cikin anko, layi biyu, Mama a sahun gaba da suwaita a kan zani. Na kwanta rub-da-ciki a kan kwano, na ɗauke numfashi. Da an bar ni haka da sun yi waƙarsu sun sha kunu sun tafi, ba wanda ya sani.

“Kaka! Kaka! Ga Baba can a sama!”

Ɗan da na haifa. Wanda na saya wa takalmi mai wuta a satin nan.

Waƙar ba lokaci ɗaya ta mutu ba. Na gaba suka fara yin shiru, sai na tsakiya, mai tulu tana baya ba ta san abin da ake ciki ba ta ƙara bugu biyu, bum, bum, sannan ita ma ta ɗaga kai. Mama ta kare ido da tafin hannu ta ce, “A'a, Baban yara, kai ne a can?”

To ku gaya mini. Tun da na auri 'yarta ban taɓa gaishe da matar nan a tsaye ba, balle a kwance, balle ina saman kanta. Jiki da kansa ya san abin da ya saba. Na miƙe, na gyara ƙafa a kan gangaren kwano, na tafi ƙasa zan durƙusa. Akwai ƙusar rufi mai hula da ta ɗan ɗago, ban gan ta ba, ita ta gan ni. Ta kama wandon ta baya, ni ina sauka ita tana riƙe, sai ɓaaar, tun daga ƙugu har ƙasa. A cikin shirun nan har gidan Malam mai shago an ji, shi ya gaya mini daga baya. Iskar Jos ta shiga inda ba ta da hurumi.

Mama, Allah ya ƙara mata girma, ta yi kamar kunnenta bai ji komai ba. Kuma ba ta rage ko gaisuwa ɗaya ba.

“Ina wuni, Mama. An zo lafiya?”

“Lafiya lau. Ina gajiya?”

“Ba gajiya.”

“Ya aiki?”

“Da godiya, Mama.”

“Ya sanyi?”

“Lokacinsa ne.”

Lokacinsa ne! Haƙorana suna kaɗawa, hannu ɗaya a baya ya tattare abin da ya rage na wando, ɗaya yana dafe da kwano, ina ɗaga murya don ta ji, ni ne da cewa lokacinsa ne. Ta tambayi mutanen gidanmu na ƙauye, na ce suna lafiya. Ta ce na Pankshin suna gaishe ni, na ce ina amsawa. Tana gamawa sauran matan suka ɗauka, kowacce da nata “sannu da aiki”, ni kuma ina yauwa, yauwa, ba halin juyawa, don in na juya an gama. Wata daga baya ta dubi ƙafafuna da suka yi fari fat ta ce, ba a ɓoye ba, “Shi ba a ba shi basilin ne?” Uwargida tana bakin kicin da tire a hannu, ta ji. Wannan maganar ni na biya kuɗinta da dare, kamar ni na faɗa.

Sai shugabar zumunta ta ce tunda Allah ya sa maigida yana nan, bari a yi wa gidan addu'a. Kowa ya rufe ido, na ce madalla, ko na sami in ja da baya. Kwano kuwa ba ya rufa asiri, ko yatsa ka motsa sai ya yi ƙara, dole na daskare a durƙushe. Ta yi wa ƙasa addu'a, ta yi wa jiha, ta yi wa matafiya da marasa lafiya, ta iso kan “bawanka da yake sama a wannan lokaci, ka sauko da shi lafiya.” Daidai nan aka kawo wuta. Auta bai cire soket ba. Duk abin da na rataya a wuya da kafaɗa ya kama, ja, kore, shuɗi, yana ƙyaftawa, ɗan akwatin kiɗan yana tsiwa a daidai kunnena. Aka ce amin, aka buɗe ido. Mai tulu sai da ta zauna a ƙasa.

Amma ni duk wannan bai ci mini rai kamar Baba ba. Gwanda! Bishiyar gwandar gidansa ko yaro ya miƙa sanda ya taɓo. Kuma tsanin nan da yake taƙama da shi, ku tambayi kafintan da ya haɗa, ragowar katakon rufina ne da na sayo a kasuwar Katako, Baba ya ce in bar masa zai yi benci. Ba a yi benci ba, aka yi tsani, tsanin ya zama nasa, ni mai katako sai na aika yaro da gaisuwa kafin in taka. Wannan mutumin ne ya ari barona zai kwashe yashi “zuwa yamma”, tun Auta yana goye. In na tambaya sai ya ce taya ta yi faci, yana nema mini mai gyara. Ni ake nema wa. Ranar Kirsimeti kuma shi ya fara aiko kwano a zuba masa shinkafa, babban kwano mai murfi, har da saƙon a sa masa cinya. Uwargida ta sa masa, wai maƙwabci ne, wai dattijo ne. Da muka haɗu a coci ya kama hannuna da hannu biyu ya ce ya ji an ce na yi wa unguwa ado.

Saukowa dai Malam mai shago ne ya turo duro, aka ɗora benci a kai, ya miƙo mini zanin uwargida na ɗaura, bayan matan sun fita waje bisa umarnin Mama. Bai yi dariya ba sai da ya koma shago. Nasa kwanon shinkafar ni da kaina na kai.

Jiya na wuce ta ƙofar gidan Baba na hango baron. An ɗaure akuya a jikinsa, tayar kuwa lafiyarta lau.