Gashi Sau Ɗaya a Mako Uku, Wa Zai Warke da Haka?

Watanni huɗu ke nan da mahaifina ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci bayan sallar asuba, hawan jini ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki na dama. Likitan da ya sallame mu ya ja mana kunne cewa watanni uku zuwa shida na farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin sake koyon sarrafa hannu da ƙafa, saboda haka kada mu kuskura mu yi sakaci da gashi, wato motsa gaɓoɓi da ƙwararru ke yi wa mara lafiya a asibiti. Mun riƙe wannan magana hannu bibbiyu, amma asibitin gwamnatin da aka tura mu ya mayar da ita abin dariya.

Ranar farko mun isa sashen gashi tun ƙarfe bakwai, ba a kira Baba ba sai bayan azahar, aka motsa masa gaɓoɓi na abin da bai kai minti ashirin ba, sannan aka rubuta a katinsa cewa mu dawo bayan mako uku. Mako uku, ga mutumin da kowace safiya yatsunsa ke ƙara dunƙulewa! Na'urar da ke farfaɗo da tsoka da lantarki ta lalace tun ba a san ranar ba, fitilar gashi kuwa sai an kawo wuta, domin janaretan asibitin ba ya kaiwa wannan sashe, kamar dai masu zuwa wurin ba marasa lafiya ba ne.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin sufuri ya hau, ga shi kowace tafiya sai mun yi shatar Adaidaita Sahu zuwa da dawowa, tunda mai shanyewar jiki ba ya shiga cunkoso. Sau biyu muna biyan wannan kuɗi, mu cicciɓi dattijo mai shekara saba'in a gaban jama'a don babu keken turawa a bakin ƙofa, a ƙarshe a ce ma'aikacin bai zo ba.

Ban ɗora wa ma'aikatan laifi duka ba, domin su biyu ne kacal a kan layin da ya cika baranda. Abin da ke ƙona min rai shi ne, Jami'ar Bayero ta daɗe tana yaye ƙwararru a wannan fanni, amma ba a ɗaukarsu aiki yadda ya kamata, wasu na zaune a gida, wasu sun kama hanyar Saudiyya da Ingila.

Yanzu kafaɗar Baba ta sage, gyambon kwanciya ya fara fito masa a ƙugu, 'yan'uwa kuma sun taso ni a gaba cewa iska ce, a kai shi wurin mai magani. Na rasa bakin da zan musa musu, alhali katin da ke aljihuna ya ce saura kwana goma sha tara a sake duba shi.