Bincikenka Wa Zai Amfana?

'Yan'uwana ɗalibai da matasan malaman jami'a, akwai ɗabi'ar da ta zame mana jiki. Ɗalibi zai zauna a ɗaki ya cike takardun tambayoyi da hannunsa, ya canja biro don kada a gane, ya kai wa malami a sa hannu. Malami kuma ya biya kuɗi a wata mujallar da ba ta tantance komai don dai a ƙirga masa a ƙarin girma. Idan abin ya shafi lafiyar mata masu ciki, wannan cin amana ce, kuma Allah zai tambaye mu.

Ku dubi Farfesa Hadiza Shehu Galadanci, likitar mata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, malama a Jami'ar Bayero. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta karanta likitanci, kamar da yawa daga cikinmu. Abin da ta sa a gaba shi ne zubar jini bayan haihuwa, wanda ya fi komai kashe masu jego a duniya. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana samun mata kusan miliyan 14 duk shekara, kimanin 70,000 su rasu. Najeriya kuwa, a ƙiyasin 2020, ita kaɗai ta rasa mata kusan 82,000 a dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya.

Wanda ya san ɗakin haihuwa ya san inda gizo ke saƙa. Da ido ake kimanta jinin. Zane ya sha, katifa ta sha, wani ya gangara ƙasa, ungozoma ɗaya tana kan mata da yawa, sai a ce "bai yi yawa ba". Kafin a farga jikin mace ya yi sanyi, numfashinta ya fara sama-sama. Ko an gano ma, sai a gwada magani ɗaya a jira, in bai yi ba a gwada wani, alhali kowane minti jini tafiya yake.

Binciken E-MOTIVE, wanda Jami'ar Birmingham da Hukumar Lafiya ta Duniya suka jagoranta, Farfesa Hadiza kuma ta riƙe ɓangaren Najeriya, a nan ya sa hannu. Ana shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da ma'auni a jiki, jinin ya taru a gan shi da lamba. Da ya kai mililita 500, ba jira: a murza mahaifa, a yi allurar oksitosin mai sa ta tsuke, a ba da maganin tsayar da jini, a sa ƙarin ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, duk a tare, in abin ya faskara a kira na gaba. An gwada a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan haihuwa sama da 200,000. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kashi 60 cikin 100. Gano matsalar ya tashi daga kusan kashi 51 zuwa 93. A shekarar ce Hukumar ta sa tsarin cikin shawarwarinta ga ƙasashe.

Ku lura, babu sabon magani ko ɗaya a ciki. Duk suna nan tun da. Kuma lambobin nan ungozomomi ne suka tara su, da dare da rana, suna aunawa suna rubuta gaskiyar abin da suka gani. Da sun yi irin cikon da muke yi a ɗaki, da wannan sakamako bai samu ba, da kuma mata sun ci gaba da mutuwa a kan kuskuren ido.

Don haka kafin ka zaɓi maudu'i, je asibitin garinku ka zauna da ungozomomi ka ji abin da ke hana su barci. Yawancin matan Arewa maso Yamma har yanzu a gida suke haihuwa, inda babu leda mai ma'auni, babu ƙarin ruwa, motar da za ta kai su asibiti ma sai an yi cigiya. Me ke hana su zuwa awo? Awa nawa ake ɗauka kafin maigida ya ba da izini? Me ya sa jini ke ƙarewa a asibitocin ƙananan hukumomi? Ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan ka bi ta gida-gida, ko da mata hamsin kacal za ka iya tambaya, ka rubuta abin da suka faɗa maka yadda suka faɗa.