Gangaren dutse a kan keke: jagora ba zai riƙe maka birki ba

Duk bazara, idan 'yan uwa suka zo hutu nan Turai, akwai abin da ke ɗaukar hankalin matasanmu a garuruwan tsaunukan Alps irin su Morzine da Les Gets a Faransa. Za ka ga ana ɗora keke a kan kujerar da ke tafiya bisa igiya, a hau da kai can ƙololuwa, sai ka gangaro da gudu a bayan jagora. Wasu kuma Bolibiya ta Kudancin Amurka suke nufa, su bi tsohuwar hanyar Yungas da ake wa laƙabi da Hanyar Mutuwa. Ban hana kowa ba, wasa ne mai daɗi. Abin da ke damuna shi ne amsar da mutanenmu ke bayarwa idan jagora ya tambaye su ko sun iya keke. Kusan kowa cewa yake ya iya, ai da keke ya je makaranta.

Gaskiya ne, amma a ina? Kano shimfiɗe take, tsayinta daga teku bai wuce mita 500 ba, kuma keken Raleigh ko Phoenix da muka taso da shi, birkinsa sai ka damƙe da yatsu huɗu kafin ya saurare ka. Keken gangara birkin mai gare shi, da faifan ƙarfe mai faɗin milimita 200, yatsa ɗaya ya isa ya kafe tayar gaba nan take. Wanda ya damƙe shi irin damƙar gida, ta saman kan keke zai wuntsila, kuma abin da ya fi karyewa a irin wannan faɗuwa shi ne ƙashin da ya haɗa kafaɗa da wuya.

Ga wani tarko da ya fi kama mu musamman. Hannunmu ya saba da babur, inda birkin gaba yake dama, hagu kuwa kuloci ne. A Ingila ma haka kekuna suke, gaba a dama. Amma a Faransa da Amurka da galibin ƙasashe, keken haya birkin gabansa a hagu yake. Lokacin firgita hannu ba ya tsayawa tunani, abin da ya saba zai yi. Saboda haka tun a shago ka matse kowane hannun birki kana tura keken, ka ga wace taya ce ta tsaya. In ya saɓa wa sabonka, ka ce a sauya maka. Shagunan kirki sun saba da wannan buƙata saboda baƙi daga Ingila.

Kafin ka bar shagon, ka leƙa takalmin birki, in abin da ya rage bai kai milimita 1 ba, a canza. Hannun birki ya tsaya da ƙarfi a tsakiyar hanya. In ya nitse har ya taɓa kan keke, iska ta shiga man. Girgiza kowace taya gefe da gefe ka ji ko sandar tsakiya ta kwance. Ka hau a auna shokozoba da nauyinka, ya nitse kashi 25 zuwa 30 cikin 100 kana tsaye kan feda. A sauke sirdi ƙasa. Hular kwano mai rufe haɓa, kariyar gwiwa, safar hannu da tabarau, duk dole ne. Wando mai faɗi sarƙa za ta ja, mai lulluɓi kuma ta sa ɗan ƙaramin hijabi ta cusa bakinsa cikin riga, kada wani abu ya rage yana lilo kusa da taya.

Idan aka kwatanta wuraren biyu, haɗarinsu ba iri ɗaya ba ne. A Alps hanyar ce ke da wuya, amma tana faɗa maka gaskiya tun daga bakinta da launin alamar da aka sa mata. Kore ta sabon shiga ce, shuɗi ya ɗan fi, ja ta gwanaye, baƙi kuwa akwai tsalle da saiwoyi da duwatsu. A Faransa doka ba ta yarda mutum ya karɓi kuɗi yana jagorantar mutane ba sai da takardar shaidar gwamnati, kuma kana da damar ka nemi gani. In ka faɗi, yawanci ƙasa ko bishiya za ta tare ka.

Yungas kuwa ba ta da wuyar hawa, shi ya sa take yaudara. Ana farawa daga La Cumbre, wajen mita 4,650 sama da teku, a sauka Yolosa a wajen mita 1,200, wato kusan tsayin Jos, tafiyar kilomita 60 da 'yan kai. Farkon kwalta ce mai sulɓi da ke koya wa mutum gudu. Sai a shiga tsakuwa, inda a wasu wurare faɗin hanyar mita 3 ne kawai, gefe guda bangon dutse, ɗaya gefen rami mai zurfin ɗaruruwan mita, ga hazo, ga ruwa na zubowa daga sama kan hanya. A wannan hanya hagu ake bi, ma'ana mai gangara shi ne a bakin ramin. Tun da aka buɗe sabuwar hanya a 2006 motoci sun ragu sosai, amma ba su ƙare ba, kuma masu keke sun rasa rayukansu a can. Ƙaramin kuskuren da a Morzine zai bar ka da ƙujewar gwiwa, a nan ba a gyara shi. Ga kuma ƙarancin iska. La Paz kanta, birnin da ake tashi daga cikinsa, tana wajen mita 3,600, wanda ya sauka jiya daga gida bai kamata ya hau yau ba. Ka ba jiki kwana 2 ko 3, in akwai ciwon kai da jiri, a ɗaga tafiyar.

Abin da ke kayar da mutane a duka biyun kusan guda ne. Tsoro na sa mutum ya riƙe birki ba saki tun daga sama. Faifan ya yi zafi, takalmin ya daina kamawa, wani lokaci man ya tafasa, sai ka ji hannun birkin ya tafi fanko daidai lokacin da ka fi buƙatarsa. Daidai shi ne ka matsa da kyau a miƙaƙƙiyar hanya, ka rage gudu kafin kwana, ka saki a cikinta. Tsaya kan feda, su biyun a daidaita, dunduniya ƙasa, gwiwar hannu a buɗe. Keke kuma inda ido ya kalla yake bi, wanda ya ƙura wa rami ido, can zai nufa. Bar tazarar daƙiƙa 3 zuwa 4 tsakaninka da na gaba, kada ka tsaya bayan kwana inda ba a hango ka, hoto kuma sai an sauka an jingine keke ta gefen bango.

Yanzu ga inda nake ganin tarbiyyarmu take cutar da mu. An rene mu da kara da kunya, ba ma son mu zama wanda ya tsayar da tafiya, balle a ce namiji ya ji tsoro a gaban Turawa. Jagora yana da mutum 8 ko 10, yana gaba, bai san cewa hannunka ya sandare har yatsa ya kasa jan birki ba. Kai kaɗai ka sani. Bature da ya saba wasan zai ce shi kam nan zai sauka ya tura, ba wanda zai ko kalle shi. Namu sai ya yi shiru ya bi ayari. Don Allah ɗan uwa, in ka ga hannu na rawa, ko ka fara kuskure a inda ɗazu ka wuce lafiya, ko ka daina jin abin da jagora ke cewa, ka tsaya. A Yungas motar kamfani na biye da ku a baya, shigarta haƙƙinka ne da ka biya. A Alps gangarar ƙarshe ta yamma, wadda abokai ke cewa a ƙara guda ɗaya, ita ce ta fi cancanta ka bari. Wanda kansa ya bugu kuwa, ko da ya miƙe yana dariya, hawa ya ƙare masa ranar, sai likita ya gan shi, hular ma a mayar a faɗa musu ta bugu.

Maganar inshora ita ma ba a fafe gora ranar tafiya. Wadda ake saya don bizar Schengen ta shiga Turai, mai ɗaukar Yuro 30,000, sau da yawa ta cire wasanni masu haɗari, wasu kuma sun sa iyakar tsayin da suke biya. Ka nemi a rubuta maka cewa gangaren dutse a keke yana ciki, har da ɗauko ka da jirgi mai saukar ungulu, domin a Suwizalan da Ostiriya takardar kuɗin na iya biyo ka gida. Ka adana 112, lambar kiran gaggawa ta Turai, a waya, ka saka katin inshorar a aljihun rigar da ke jikinka, ba cikin jakar da ka bari a mota ba.