Kafin a tura muƙamuƙina gaba

Saura mako biyar a yi mini tiyatar muƙamuƙi, kuma tun da labarin ya bazu a cikin dangi da abokai, tambaya biyu kawai ake yi mini: nawa ne kuɗin, kuma a ina za a yi aikin. Ban ga laifin masu tambayar ba, domin a ƙasar nan duk wanda aka ce za a yi wa aiki, aljihunsa ake fara tausaya wa kafin jikinsa. Sai dai bayan wata takwas ina kai-komo tsakanin likitan barci da likitan haƙori da likitan tiyatar fuska, na gamsu cewa haɗa kuɗi shi ne ɓangaren shirin da kowa ya iya, alhali abin da ya fi wahalar da mutane shi ne su shiga ɗakin tiyata ba su san ainihin abin da aka yi musu alkawari ba, sannan su koma gidan da bai shirya karɓarsu ba.

Lalurar da nake fama da ita ita ce toshewar numfashi a cikin barci. Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro da tushen harshe sukan saki, sai su faɗa baya su rufe hanyar iska, ƙirji yana ta ƙoƙarin ja amma babu abin da ke wucewa, har sai iskar oksijin ta ragu a cikin jini, ƙwaƙwalwa ta firgita mutum ya ja numfashi da wani irin gurnani, ya koma barci bai san an yi ba. Uwargida ce ta fara lura. Wata safiya tana miƙo mini shayi ta ce, "Baban Ummi, wallahi jiya na ƙirga har talatin ba ka ja numfashi ba, sai da na girgiza ka." Na yi dariya na ce ai minshari gadon gidanmu ne. Dariyar ta ƙare ranar da na yi gyangyaɗi a kan sitiyari ina jiran danja ta ba da hannu, da rana tsaka, sai hon ɗin na baya ne ya tashe ni. Ga kuma hawan jini da ya ƙi sauka duk da ƙwayoyi iri biyu da nake sha.

Gwajin barci ne ya fito da gaskiyar. An kwantar da ni dare guda da wayoyi a kai da ƙirji da hanci da yatsa, na'ura tana ƙirga sau nawa numfashi ke tsayawa ko ya ragu sosai na aƙalla daƙiƙa 10 a cikin kowace sa'a. Daga 5 zuwa 15 lalura ce mai sauƙi, daga 15 zuwa 30 matsakaiciya, abin da ya haura 30 kuwa ya yi tsanani. Nawa ya wuce 40. A ganina bai kamata kowa ya yarda a taɓa masa ƙashin fuska ba tare da wannan gwaji ba, komai ƙarar minsharinsa, domin akwai masu minshari kamar injin niƙa waɗanda numfashinsu bai tsayawa, kuma lambar da gwajin ya bayar ita ce abin da za a auna aikin da shi bayan an gama.

Haka kuma ban yarda da wanda ke gudu zuwa tiyata don kawai na'urar CPAP ta gundure shi a makon farko ba. Wannan na'ura, wadda likita Colin Sullivan ya ƙirƙiro a birnin Sidni na Ostireliya ya kuma bayyana ta a 1981, tana hura iska ta cikin takunkumi domin hanyar numfashi ta kasance a buɗe, kuma ga wanda ya jure mata tana aiki ƙwarai. Na yi shekara guda da 'yan watanni ina kokawa da ita. Na sauya takunkumi sau uku, na sayi batir na musamman saboda ɗaukewar wuta cikin dare, na sha bushewar hanci da hunturu da gumi a fuska da bazara, amma sau da yawa sai in farka da asuba in tarar da takunkumin a ƙasa ban san lokacin da na fizge shi ba. Na rage ƙiba ma, lambar ta ɗan sauka ta tsaya. Da aka ɗauki hoton kaina ta gefe, sai aka ga haɓata a janye take tun halitta, hanyar iskar da ke bayan harshe kuma siririya ce. A nan ne maganar tiyata ta zama mai ma'ana.

Aikin kansa ba ƙarami ba ne, kuma gara mutum ya ji bayaninsa ƙarara tun yana zaune a kan kujera. Ana yanka ƙashin muƙamuƙin sama a saman saiwoyin haƙora, yankan da ke ɗauke da sunan René Le Fort, likitan Faransa da ya nazarci yadda ƙasusuwan fuska ke karyewa a 1901. Ana kuma tsaga muƙamuƙin ƙasa ta ɓangarorin biyu, hanyar da likita Hugo Obwegeser ya fito da ita a shekarun 1950. Sai a turo su duka biyun gaba da kimanin milimita 10, a ɗaure da 'yan faranti da kusoshi na ƙarfen titaniyam, kuma kusan duka aikin ta cikin baki ake yin sa. Da yake harshe da naman ganda a jikin waɗannan ƙasusuwa suke, idan ƙashi ya matsa gaba sai su bi shi, hanyar iska ta faɗaɗa. Likitocin jami'ar Stanford a Amurka, Robert Riley da Nelson Powell tare da Christian Guilleminault, su ne suka yi fice wajen amfani da wannan aiki don maganin toshewar numfashi tun shekarun 1980.

Wurin da nake so a tsaya a yi tunani shi ne kalmar nasara. Wani nazari da Holty da Guilleminault suka fitar a 2010, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama, ya nuna cewa kimanin 86 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin sun samu nasara, amma kimanin 43 cikin 100 ne suka warke. Nasara a bakin likitoci tana nufin lambar ta ragu da rabi ko fiye, ta kuma sauka ƙasa da 20, warkewa kuwa sai ta sauka ƙasa da 5. Ke nan mutum zai iya tashi daga 45 ya koma 15, a rubuta shi cikin masu nasara, alhali lalurar tana nan da sauranta. Wannan ci gaba ne babba ga zuciyarsa da jijiyoyin jininsa, ban raina shi ba, amma wanda ya shiga da tunanin cewa zai fito sabo fil zai iya fitowa da ɓacin rai a kan aikin da ya yi kyau. Da na tambayi likitana wace daga cikin kalmomin biyu yake yi mini alkawari, sai ya ce, "Malam, ina sa ran ta farko, ina fatan ta biyu." Wannan amsa ce ta sa na amince da shi.

Ya kuma ɗora yatsa a kan leɓena na ƙasa ya ce in sa a raina cewa nan da haɓa za su yi dindiris bayan aiki, saboda jijiyar da ke kawo musu ji tana bi ne ta cikin ƙashin da za a tsaga. Ga mafi yawan mutane jin yana dawowa a hankali cikin watanni, ga wasu kuma wani ɓangare ba ya dawowa har abada. Fuska ma za ta sauya kaɗan, haɓa ta fito, hanci na iya ɗan buɗewa. Nan ne mahaifiyata Hajiya ta tubure. Ta ce, "Ɗan nan, a kan minshari za a fasa maka fuskar da Allah ya ba ka? Mahaifinka ya shekara nawa yana yi?" Ban iya ce mata mahaifin nawa shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi ba, domin ta fi ni sani. Wani kawuna ma cewa ya yi a kira wanzami ya cire mini beli a huta, na yi masa godiya na bar maganar a nan.

Ganawa da likitan da zai sa ni barci ta fi muhimmanci a gare ni fiye da yadda na zata, domin masu irin lalurata suna cikin haɗari idan aka ba su magungunan barci ko masu kashe zafi masu ƙarfi, waɗanda ke ƙara danne numfashi, shi ya sa ake sa musu ido sosai a daren farko. Dole mutum ya faɗi duk abin da yake sha, har asfirin da jiƙe-jiƙen gargajiya da muke jin kunyar ambata a gaban likita, saboda wasunsu suna tsinka jini. Mai shan taba sai ya daina tun makonni kafin aiki, in ba haka ba ƙashi zai yi jinkirin haɗewa. Haƙora kuma sai an wanke su an gyara masu rami, wasu mutanen ma sai an sa musu wayar daidaita haƙora tukuna.

Sai batun gida, wanda shi ne ya fi cin raina yadda ake yi masa riƙon sakainar kashi. Kimanin mako shida mutum ba zai tauna komai ba, a kwanakin farko ma da sirinji ko ƙaramin kofi zai riƙa shan abinci, muƙamuƙinsa a riƙe da robobi. Mu a nan da an ce marar lafiya ba ya tauna, sai a dama koko a ce an gama, alhali ƙashin da aka yanka yana bukatar abinci mai gina jiki. Na gwada kaina kwana uku a kan abincin ruwa zalla don in ga yadda abin yake. Ranar farko koko da kunun tsamiya na sha, kafin la'asar hannuna yana rawa. Daga nan muka zauna da uwargida muka tsara kunun gyaɗa da madara, nono da fura da aka dama aka tace, wake da aka dafa ya yi laushi aka markaɗa, romon kaza da kifi da aka niƙa da namansu, ayaba da ƙwai dafaffe a cikin injin markaɗe, sau shida ko bakwai a yini. Wannan aiki ne na mutum guda cur, kuma wanda bai tanadi mai jinya da zai yi shi ba bai gama shiri ba.

Kumburi yakan kai ƙarshe wajen rana ta uku, magana tana wuya, yawu na zuba ba a sani ba, barci kuma sai an tokare kai da matasai. Don haka na roƙi yayana ya tare mini masu dubiya a makon farko, ko da za a ce na yi girman kai. An hana fyace hanci na wasu makonni, wanda ya sa na tambayi likita game da shaƙa ruwa a alwala, na kuma tambayi malaminmu game da sujada da fuskar da aka ɗaure, ya karanto mini hadisin Imrana ɗan Husaini cewa wanda bai iya salla a tsaye ba ya yi a zaune. Na kuma zaɓi lokacin aikin nesa da watan azumi da gangan.

Ga masu niyyar fita Indiya ko Masar, shawarata ita ce kada su hau jirgi sai sun sami likitan tiyatar fuska a gida wanda ya yarda zai ci gaba da duba su, su kuma dawo da hotunansu da rahoton aikin a hannu, domin ciwo a wurin ɗinki ko cizon da ya karkace ba a gyara su ta WhatsApp. Bayan 'yan watanni kuma dole a sake gwajin barci, saboda daina minshari ba hujja ba ce cewa numfashi ya daina tsayawa. Shi ya sa na ƙi sayar da na'urata duk da tayin da aka yi mini.

Jiya Hajiya ta aiko da kwano biyu na gyaɗa, ta ce ita da kanta za ta riƙa dama kunun, kuma in tambayar mata likita ko ƙarfen nan za a cire shi daga baya ko a jikina zai zauna. Na ƙara tambayar a ƙasan takardar da zan je da ita ranar Alhamis.